Sabon mai nutso ne ni, wace regileta zan saya?

Ɗalibin Alkahira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake a Masar, hutun da ya wuce na je Dahab, bakin Bahar Maliya, na yi kwas ɗin nutso na farko na PADI (ƙungiyar horar da masu nutso), wanda ke ba mutum damar sauka har mita 18. Wallahi abin ya shiga raina ƙwarai. Abu ɗaya ne ya ɓata min: regiletar haya, wato na'urar da ake shaƙar iskar silinda da ita a ƙarƙashin ruwa. A nutso na uku robar da ake ciza ta tsage ta gefe, duk shaƙar da na yi sai ruwan gishiri ya biyo iskar, na fito maƙogwarona na zafi, gabana na faɗuwa. Tun daga ranar na ƙudurta sai na mallaki tawa.

Yanzu biyu ne a gabana. Wani Bature zai koma gida, yana sayar da gwanjon Apeks XTX50 a rabin kuɗin sabuwa, amma ya ce shekara uku ba a buɗe ta ba. Ga kuma sabuwar Scubapro MK2 a shago. Sannan mai shagon ya tambaye ni DIN nake so ko yok, wato irin bakin da ke haɗa ta da silinda, na rasa amsa. Don Allah a taimaka.

Mai walda a ƙarƙashin ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 11 ina wannan aiki, kuma abin da nake fara tambaya kafin sunan kamfani shi ne: wa zai yi mata sabis a inda nake, kuma akwai kayan gyaranta? Yawancin kamfanoni shekara ɗaya ko biyu suke cewa a buɗe ta a canza zobban roba. Wadda ta yi uku a akwati, robobin sun iya bushewa ko da fes take a ido. Kada ka ba da ko sisi sai ƙwararren mai gyara ya ɗora ta a kan silinda ya auna matsin tsakiya, wato matsin iskar da take turowa cikin tiyo. Ya kamata allurar ta tsaya cak wajen ba 9 zuwa 10 (ba shi ne ma'aunin matsin iska). In ka ga tana hawa a hankali, akwai aiki a ciki. Ya duba tiyo ma, ya cire matatar ƙarfen da ke bakin shigar iska, in ta yi kore to ruwan teku ya taɓa shiga. Haɗa kuɗin sabis da na Baturen, sannan ka kwatanta da sabuwa.

MK2 kuwa mai jure aiki ce, ba ta da yawan tarkace a ciki, gyaranta da sauƙi. Aibinta, in iskar silinda ta yi ƙasa sosai za ka ji shaƙa ta ɗan yi nauyi. Apeks ɗin ba ta yin haka.

Maman Biyu:
Ɗan uwa, ɗauki DIN. Yawancin silindodin da na gani a Masar bakinsu na DIN ne, wani ɗan ƙarfe ake kwancewa da alanki shi ke nan. DIN tana ɗaurewa da zare irin na noti, zoben robar yana ɓoye a ciki, kuma tana ɗaukar har ba 300, yok kuwa 232 ne iyakarta. In ka je inda yok ta fi yawa, kamar Amurka, akwai ɗan mahaɗi da ake sayarwa. Kuma kada su ɗora maka tsadar regiletar ruwan ƙanƙara, Bahar Maliya ko da hunturu ba ta yin wannan sanyin. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da abin shaƙa na biyu mai launin rawaya da agogon iska, don ni sai da na biya aka ce min daban ake sayar da su.

Ɗalibin Alkahira:
Allah ya saka da alheri, Yaya, ke ma Hajiya na gode. Baturen ya yarda mu kai ta wurin mai gyara ranar Asabar, ni zan biya kuɗin dubawa. In allurar ta ƙi tsayawa, MK2 mai DIN zan ɗauka.