Turanci zan fara ko ƙididdiga? Wata shida ya rage min

Ɗan Shago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata shida ya rage in fara difloma a fannin kasuwanci, kuma darussan shekarar farko sun haɗa da Turanci da ƙididdiga da ajiye lissafin kuɗi. Da rana ina wurin aiki, awa biyu kacal nake samu da daddare. Ina karanta Turanci in gane, rubutawa ce matsalar, lissafi kuwa rabona da shi tun sakandare. In haɗa ukun a ajin yamma na biya, ko in kama ɗaya in gama kafin na gaba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka.

Mai Nasiha: Wa alaikumus salam. Ka nemi ajin safe, ƙwaƙwalwa ta fi ɗauka da safe.

Ɗan Shago: Yaya, ai na ce da rana ina aiki.

Malamin Lissafi: Ƙanena, fara da kaso cikin ɗari, domin a kansa ƙididdiga da kasuwanci duk suka tsaya. Ka sayi kaya 80 ka sayar 100, ribarka 20. Idan ka auna ta da kuɗin saye, kashi 25 ce cikin ɗari. Idan ka auna ta da kuɗin sayarwa, kashi 20 ce. Na sha ganin ɗalibai suna faɗuwa a nan, ba don ba su iya ciniki ba, sai don ba su lura da wanne aka tambaye su ba.

Uwar Biyu: Don Allah kada ka ba ajin da ya ce zai koya maka uku a lokaci ɗaya ko sisi. Ni na yi. Rabin albashina na wata biyu na zuba. Mutum ɗaya ne yake koyar da duka ukun, ya tsaya yana karanta mana abin da ke allo. Rannan na ɗaga hannu na ce ban gane bambancin matsakaici da lambar tsakiya ba, sai ya maimaita tambayata da irin yadda na furta Turancin, aji ya fashe da dariya. Wallahi ban ƙara buɗe baki ba har muka gama. Na koma gida na zauna da littafin ina hawaye, yarana suna kallona. Takardar shaidar da suka yi alkawari, yau shekara biyu ke nan ina jira.

Malamin Lissafi: Subhanallahi. Hajiya, ga amsarki ko da ta makara. A ce ribar kwana biyar ita ce 2, 3, 3, 4, 38. Ki haɗa, 50, ki raba biyar, matsakaici 10. Amma ki jera su ki ɗauki ta tsakiya, 3 ce. Ranar 38 ɗin nan ita ta ja matsakaicin sama, shi ya sa mai hankali ba ya cin bashi da sa ran 10 kullum.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da aka kasa gaya min a wata uku ke nan.

Ɗan Waya: Ni ban kashe komai ba. Khan Academy, shafin koyon karatu a intanet, kyauta ne, akwai ƙididdiga tun daga tushe. BBC Learning English ma kyauta.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Kyauta ina? Kuɗin intanet da na ƙona a bidiyo ya fi abin da maƙwabcina ya biya malami.

Ɗan Waya: Alhaji, halan a tsakani kana leƙa ƙwallo ne.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Kai yaro, shekara 30 ina ciniki da littafi ɗaya, shiga a shafi guda, fita a guda. Ba a koya wa kifi iyo.

Malamin Lissafi: Alhaji, da girmanka, shi jarrabawa zai zauna. Za a tambaye shi tsarin da ake rubuta kowace hulɗa sau biyu, wanda masanin lissafi Luca Pacioli ya bayyana a Italiya tun 1494. Idan ka sayi kaya bashi, kaya sun ƙaru, bashin da ke kanka ma ya ƙaru, kuma dole ɓangarorin biyu su yi daidai.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Malam, ka taɓa bin wani bashi ya gudu? Wanda bai taɓa asara ba ya bar ba da shawarar kasuwa.

Mai Nasiha: Ni dai Turanci na ce. IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje, na rubuta, ban samu tafiya ba har shekara biyun da ake karɓar sakamakon ta ƙare.

Ɗan Shago: Ni ba fita waje zan yi ba fa. Wanne zan fara?

Uwar Biyu: Abin da ke ci min rai, me ya sa a jarrabawar lissafin kuɗi ake rage maki saboda kuskuren Turanci? Alƙalumana daidai, an zaftare min don na rubuta goed maimakon went.

Ɗan Waya: Ni ma an yi min. Kuma idan ka je neman aiki, ba mai ba ka littafin ciniki ya ce daidaita, lafazinka kawai ake saurare.

Mai Nasiha: Wa ya taɓa kai ƙorafi a sake duba masa takarda? Ana dacewa kuwa?