Dusar ƙanƙara 'yar kaɗan, sai a ce an rufe makaranta?

Uwar 'yan biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi, musamman masu aiki a makarantu. A nan arewacin Ingila, dusar ƙanƙara da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba za ta kwanta cikin dare, ƙarfe bakwai na safe sai saƙo ya shigo waya wai firamare ba za ta buɗe ba. Alhali shaguna a buɗe, asibiti a buɗe, wata makarantar ma da ke unguwa ɗaya a buɗe. Ga shi ana cewa a Finland da Kanada ƙanƙara har gwiwa yara na tafiya abinsu. Wa ke yanke wannan hukunci, kuma da me yake aunawa? Sannan idan makaranta ta buɗe amma uwa ta ga hanya ba ta kwanta mata ba ta hana yaro fita, fashi za a rubuta masa? Ni dai a ganina rufewar nan ta yi yawa.

Malamin firamare:

Wa alaikumus salam Hajiya. A Ingila shugaban makaranta ne ke yanke hukunci, ba gwamnati ba, ba ƙaramar hukuma ba. Shi ya sa za ki ga makarantu biyu a layi ɗaya, wannan a rufe waccan a buɗe. Kuma zurfin dusar da kike gani ta taga shi ne abu na ƙarshe da yake dubawa.

Abin da ya fi rufe makarantu shi ne rashin malamai. Yaran firamare galibi 'yan unguwa ne, da ƙafa ma za su iso, amma malamansu da yawa daga wasu garuruwa suke zuwa, tafiyar minti 40 ko awa guda a mota. Motocin zuba gishiri na ƙaramar hukuma manyan tituna suke fara bi, da hanyar asibiti da ta bas, ƙananan layuka kuwa sau da yawa ba a taɓa su sam. Malamar da gidanta ke kan tudu a ƙaramin layi ba za ta iya fito da mota ba ko da babban titi fes yake. Ƙa'ida ta ce ajin ƙananan yara, 'yan shekara 5 zuwa 7, kada ya wuce ɗalibai 30 ga malami ɗaya. Ana kuma buƙatar wanda ya iya taimakon gaggawa, da jami'in kare lafiyar yara, da masu dafa abincin rana. Idan zuwa ƙarfe shida da rabi malamai shida cikin goma sha huɗu sun bugo sun ce sun maƙale, lissafi ya riga ya ƙi.

Sai ginin kansa. Mai kula da ginin shi ke fara isowa tun da duhu, ya duba ɗumi da ruwa da hanyar shiga. Tukunyar ɗumama ɗakuna ta zamani tana da wani siririn bututun roba da ke fitar da ruwan tururi waje. Idan ya daskare, tukunyar sai ta kashe kanta don kariya, a wayi gari ajujuwa sun yi sanyi ƙalau. Shawarar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ita ce wurin aiki kada ya gaza digiri 16 a ma'aunin Celsius, kuma tsohon gini da ya kwana biyu na ƙarshen mako ba ɗumi yakan ɗauki sa'o'i kafin ya kai haka. Ruwa kuma idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tsaga bututu. Tsagar ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke, shi ya sa wani lokaci za ki ga an rufe makaranta ranar da gari ya yi wasai, ki yi ta mamaki. Ba ruwa ba bayan gida, ba bayan gida ba makaranta.

Batun fashi kuwa: idan makaranta ce ta rufe, ko sufuri ya tsaya cik a yankin, ana sa wa yaro alamar Y a rajista, ba ta shiga lissafin fashi. Idan a buɗe take ke kika hana shi, to ya rage ga shugaban makaranta ya karɓi uzurin ko ya ƙi. Ki buga waya kafin a rufe rajistar safe, ki faɗi dalili takamaimai, kamar bas ɗin layinku bai fito ba ko gangaren titinku ya zama ƙanƙara zalla. "Akwai sanyi" ba uzuri ba ne a wurinsu. Kwana ɗaya ba ya jawo tara. Ana fara maganar tara ne idan fashin da ba izini ya kai zama 10, wato kwana 5, cikin makonni 10 na karatu, kuma fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba.

Direban bas ɗin makaranta:

Malam ya yi bayanin Ingila. A Amurka tsarin daban ne: shugaban gundumar ilimi ke yanke hukunci ga dukkan makarantun da ke ƙarƙashinsa lokaci guda, saboda bas ɗaya yakan ɗauki yaran makarantu biyu ko uku a jere. Tun wajen ƙarfe huɗu na asuba masu kula da sufuri ke fita su bi hanyoyin da suka fi muni, gangare da gadoji da titunan ƙauye, zuwa biyar ko biyar da rabi an sanar, domin bas na farko yana tashi kusan ƙarfe shida.

Hajiya, dusa mai laushi ba ita ce abin tsoro ba. Santimita 15 da ta gama sauka ƙarfe ɗaya na dare, motocin shara sun samu awa huɗu sun ture ta, ba komai ba ce. Santimita 3 da ta fara sauka ƙarfe shida na safe a kan titin da ya jiƙe jiya ya daskare cikin dare, ita ce mai kifar da mota. Mafi sharri shi ne ruwan sama da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, titi ya yi baƙi yana sheƙi ka ɗauka jiƙa kawai ya yi. A kan irin wannan, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana iya ninkawa har sau goma. Gada kuma tana riga titi daskarewa don iska na bi ta sama da ƙasanta. Gishirin ma yana da iyaka: daga digiri 5 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya fara raguwa, idan an kai 10 ƙasa da sifili kusan ɓarnar gishiri ake yi, sai an haɗa da wani sinadari ko a watsa yashi don taya ta samu abin kamawa.

A jihohin arewa irin Minnesota, sanyi ma yakan rufe makaranta, ba dusa kaɗai ba. Abin da ake dubawa shi ne sanyin da jiki ke ji idan iska na kaɗawa, ba lambar da ke jikin ma'auni kaɗai ba. Daga digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, idan ya kai 40 kuwa minti 5 zuwa 10 ne. Kunne da hanci da yatsu ke fara tafiya. A irin wannan sanyin man dizal yakan yi kauri, kakin da ke cikinsa ya toshe matatar mai, batir kuma ya yi rauni. Ana jona injunan bas da lantarki su kwana da ɗumi, ana zuba dizal na hunturu, duk da haka wasu sukan ƙi tashi. Bas ya makara da minti 25, yaro ɗan shekara 6 na tsaye a bakin titi ba safar hannu, to abin da ake gudu ke nan. A ranar 6 ga Janairun 2014 gwamna Mark Dayton ya rufe makarantun gwamnati na jihar baki ɗaya saboda sanyi, ba don dusa ba.

Akwai matsakaiciyar hanya da ake yawan bi a nan: a jinkirta buɗewa da awa biyu. Gari ya waye, direba na ganin titi, gishiri ya samu lokacin aiki. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a buɗe da safe sannan a sallami yara da tsakar rana. A birnin Atlanta ranar 28 ga Janairun 2014 dusar ba ta wuce inci biyu da ɗan wani abu ba, amma makarantu da ofisoshi suka sallami mutane lokaci guda, tituna suka cushe, motocin gishiri suka rasa ta inda za su bi. Yara da dama a makaranta suka kwana, wasu a cikin bas.

Maganar Finland da Kanada, ba jarumta ba ce, kayan aiki ne. A Sweden, maƙwabciyar Finland, doka ce a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan akwai yanayin ƙanƙara a hanya. A Ingila yawancin motoci da tayar bazara suke yawo shekara duka, kuma ƙaramar hukumar da ke ganin dusa kwana uku a shekara ba za ta sayi motocin da aka tanada don wata biyar ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Duk na yarda da bayanin nan, amma ina tare da Hajiya cewa wasu shugabannin makarantu hannunsu na saurin kaiwa ga rufewa. Gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya hawa uku ne: ruwan ɗorawa, ruwan goro, da ja. Ja yana nufin akwai haɗari ga rai, kamar wanda aka fitar a wasu yankuna a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da dubban makarantu suka rufe, ba wanda zai yi gardama a kan wannan. Amma ruwan ɗorawa cewa kawai yake a yi hattara. Rufewa a kansa tun daren jiya, kafin a ga abin da ya sauka, tsoron a kai su ƙara ne ba tsoron ƙanƙara ba.

Kuma rufewa ba kyauta ba ce. Akwai yaran da abincin rana na makaranta shi ne abinci mai zafi ɗaya da suke samu, gidansu kuma ya fi ajin sanyi don iyayen ba sa iya kunna hita yini guda. Duk firamaren da ta rufe, ta janye ma'aikatan asibiti da direbobi da masu kula da tsofaffi daga bakin aiki, a ranar da sashen gaggawa ke cika da karayar wuyan hannu da ta ƙugu. Tsarin da hukumomin ilimi da yawa a lardin Ontario na Kanada ke bi ya fi min: a soke bas, a bar makaranta a buɗe. Wanda ya iya zuwa ya zo, a haɗa ajujuwa a babban ɗaki, a ci abinci, ba a koyar da sabon darasi. A Ingila ma ana iya buɗe wani sashe kawai, a fifita masu jarrabawa da yaran da ke cikin wani hali.

Malamin firamare:

Gaskiyarki 'yar'uwa a kan abinci da aikin iyaye, a nan ba ni da ta cewa. Amma idan ta fuskar karatu ne, abin ba yadda mutane ke zato yake ba. Wani masanin tattalin arziki, Joshua Goodman, ya bi bayanan makarantun jihar Massachusetts ta Amurka ya fitar da sakamako a 2014: ranakun da aka rufe gaba ɗaya ba su rage sakamakon ɗalibai ba, amma ranakun da aka buɗe yara da yawa suka ƙi zuwa sun rage shi, musamman a lissafi. Duk malami ya san dalili. Idan kowa ya rasa ranar Talata, sai a ɗaga darasin zuwa Laraba, aji ya tafi tare. Idan 18 cikin 30 suka zo, ka koyar da rabawa mai tsawo, gobe 12 ba su san inda aka kwana ba, ko ka maimaita ko ka bar su a baya. Shi ya sa sharaɗin da kika kawo na kada a koyar da sabon abu shi ne ginshiƙin tsarin. In ba za a kiyaye shi ba, gara a rufe.

Karatu ta intanet a ranar dusa kuma ya fi daɗi a takarda. Birnin New York ya koma wannan tsari, a ranar 13 ga Fabrairun 2024 ɗalibai da malamai masu yawa suka kasa shiga da safe domin na'urar tantance masu shiga ta gaza ɗaukar jama'a lokaci guda. Minnesota ta ƙayyade irin waɗannan ranaku zuwa 5 a shekara. Ga 'yan firamare, gida mai yara uku da waya ɗaya, takardun aiki da aka saka a jaka tun jiya sun fi amfani.

Uwar 'yan biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: idan saƙon ya zo ƙarfe bakwai kuma aiki ƙarfe takwas, mai aiki zai iya hukunta mutum don bai zo ba?

Ma'aikaciyar jinya:

Amin Hajiya. A Birtaniya, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996, sashe na 57A, ta ba ma'aikaci damar ɗaukar ɗan lokaci daidai gwargwado idan tsarin kula da yaronsa ya rushe ba zato, kuma rufe makaranta da safe yana ciki. Ba za a kore ki ko a hukunta ki a kansa ba, amma ba dole ne a biya ki kuɗin ranar ba sai in kwantiraginki ya ce haka. Sharaɗi shi ne ki sanar da wuri, ki faɗi dalili da lokacin da kike sa ran dawowa. Ana nufin kwana ɗaya ko biyu ne na neman mafita, ba mako guda ba. Kuma damar ta ma'aikaci ce mai cikakken kwantiragi, masu aikin wucin gadi ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata su duba matsayinsu tukuna. Ki tabbatar lambar wayarki ta yanzu ce a ofishin makaranta, ki kuma duba shafin ƙaramar hukumarku, galibi suna jera makarantun da suka rufe tun kafin saƙon waya ya iso.