Wane suna za mu ba abin da masu gyara ke kira windo?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin Hausa. Shawara nake nema a kan abin da Turawa ke kira operating system, kuma zan fara da abin da ya jawo maganar.

A watan jiya na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a Sabon Garin Zariya, domin tsohuwar da nake buga rubutu da ita ta gaji, ga shi kuma wa'adin tallafin Windows 10 da ke kanta ya ƙare tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Sabuwar ta zo wayam, ba a ɗora mata komai ba. Yaron shagon ya tambaye ni, "Malam, wane windo za a sa maka?" Na ce masa Ubuntu nake so in gwada. Sai ya ce, "To, windon Ubuntu ke nan."

A harshen kasuwa yaron bai yi kuskure ba, domin haka muka mayar da kowane garin sabulu omo, kowane dunƙulen ɗanɗanon miya magi. Amma a nan sunan yana ɓatar da mai saye. Windows haja ce ta kamfanin Microsoft da ta fara fitowa a 1985. Ubuntu kuwa ta fito a 2004, an gina ta a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kyauta ake saukar da ita. Kwamfutocin Apple suna da tasu, macOS, wayoyin da ke aljihun yawancinmu kuma Android ce a kansu. Wanda duk waɗannan suke windo a wurinsa ba zai san cewa yana da zaɓi ba, ba zai kuma gane dalilin da ya sa manhajar da aka rubuta domin ɗaya take ƙin tashi a kan ɗayar ba.

Kafin a raɗa suna, ya kamata a san aikin mai sunan. Ita ce manhajar da ke riƙe da na'urar gaba ɗaya da zarar ta gama tashi. Ita ke raba wa sauran manhajoji wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokacin aiki, ita ke shirya fayiloli a ma'ajiya, ita ce kuma ke tsakaninsu da madannai da allo da firinta. Na ga haka da idona ranar da na nemi haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ: ban same su a cikin manhajar rubutu ta LibreOffice ba, sai da na shiga saitin Ubuntu na zaɓi tsarin madannan Hausa na Nijeriya, daga nan kowace manhaja ta samu.

Na ci karo da "tsarin aiki" a fassarori da dama. Ban gamsu da shi ba, domin an ɗauko kalmomin Ingilishi biyun ne aka musanya kowace da tata, kuma duk ma'aikacin da ya ji tsarin aiki, jadawalin ofis ne zai zo masa a rai. "Babbar manhaja" ta fi kusa, sai dai girma yana iya nufin nauyi, ga shi akwai wasannin kwamfuta da suka fi Ubuntu cin wuri nesa ba kusa ba. Wani abokina ya kawo "magudana", daga gudanarwa, amma a bakin Bahaushe magudana ta ruwa ce.

Abin da zuciyata ta kwanta da shi shi ne "uwar manhaja". Manhaja ta riga ta zauna. Daga Larabci ta shigo da ma'anar tsarin karatu, sannan kafofin labarai suka faɗaɗa ta har ta kai ga abin da ake ɗorawa a waya. Uwa kuwa ta daɗe tana yi mana irin wannan aiki a wuraren da babu haihuwa ko kaɗan. Muna cewa uwar kuɗi, wadda riba ke fitowa a kanta. Muna cewa uwar ɗaki, da uwar garke da sauran dabbobi ke bi. Misalin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne uwar maƙera: maƙeri yana da guduma da awartaki da zugazugai, kowanne da aikinsa, amma lauje ko fartanya ba sa samun siffa sai a kan wannan ƙarfe ɗaya da ke kafe a tsakiyar maƙera. Dangantakar wannan manhaja da sauran manhajoji ke nan.

Wani malamina a Samaru ya yi mini gyara mai nauyi. Ya ce ana iya raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, a ɗora Windows a ɗaya, Linux a ɗayan, mutum ya zaɓi wadda yake so duk lokacin da ya kunna. To, ɗa ɗaya zai yi uwa biyu? Na ce masa, Allah ya gafarta Malam, ko a wannan hali ɗaya ce ke riƙe da na'urar a lokaci guda, ɗayar tana kwance har sai an sake kunnawa, kuma uwar manhajoji ce muke nufi, ba uwar kwamfuta ba. Ya karɓa, amma ya bar ni da tambayar jam'i, wadda har yanzu ban warware ba.

Game da aikatau da za a yi amfani da shi idan mutum ya bar wata uwar manhaja ya koma wata, na bar "sauya sheƙa" ga 'yan siyasa, domin ta ɗauki ƙamshinsu. "Sauya" kaɗai ya wadatar, "ɗora" kuma shi ne abin da masu gyara ke faɗa tuni. Na gwada kalmar a kan yayata, wadda ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba. Na ce, "Yaya, na sauya uwar manhajar kwamfutata, saboda haka sai na sake ɗora sauran manhajojin." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta tambaye ni ko rubuce-rubucena suna nan, na ce tun kafin in fara na kwashe su a filashi.

A garin nan na Zariya aka soma buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, saboda haka ina sa ran malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da masu gyaran kwamfuta na unguwar PZ za su sa baki. Idan za a ambaci Windows da Linux da macOS tare, "iyayen manhaja" za a ce, ko "uwayen manhaja", ko kuwa a tsaya a kan "nau'o'in uwar manhaja"? Ni na fi karkata ga na ƙarshe, domin iyaye sun haɗa da uba.