Ko bulokcen zai hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta cewa in aka zuba rajistar filaye a bulokcen (sarƙar bayanai da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinta, mai wuyar gogewa ko sauyawa), rikicin fili ɗaya takarda biyu ya ƙare. Gaskiya ne ko romon baka?

Ɗan Safiyo: Wa alaikumus salam. Ba takardar kanta ake sakawa ba, ta yi nauyi. Hotonta ake ɗauka, a bi da shi ta lissafin SHA-256, ya fitar da lamba mai harafi 64. Lambar ake rubutawa a sarƙar tare da lokacin. Ko ɗigo ɗaya aka taɓa a hoton takardar, lambar ta sauya gaba ɗaya, asirin mai maguɗi ya tonu. Ƙasar Jojiya ta fara haka a 2016 da kamfanin Bitfury. Sai dai kafin nan ta riga ta tace rajistarta, ta mayar da ita cikin kwamfuta. Honduras ta ɗauko irin wannan shiri a 2015, ya tsaya a hanya.

Malamar Lissafi: Malam, nan gizo ke saƙar. Sarƙar tana tsare abin da aka rubuta ne, ba ta san ko gaskiya aka rubuta ba. In ma'aikaci ya karɓi na goro ya shigar da sunan da ba na mai fili ba, ƙaryar ce ta samu mafaka. Tun ran gini tun ran zane: a fara da awo, a kafa duwatsun iyaka, a tantance takardun dagaci da na masu unguwa. Sannan wa ke riƙe da kwamfutocin? In hukuma ɗaya ce, kamar yadda babban bankin Najeriya, CBN, ke riƙe da kuɗinsa na intanet, eNaira, to rumbun bayanai ne na yau da kullum, tsadarsa kawai ta fi.

Mai Bin Doka: Ƙari kan bayanin Malama. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna: sai da amincewarsa ake sauya mai shaidar mallaka, yana kuma iya soke ta. Kotu na warware ciniki, ana rabon gado. Dole ke nan a bar wa wani ikon gyara. Kuma in magidanci ya rasu da mabuɗinsa na sirri a ka, wato lambar da ke ba shi iko da filinsa a sarƙar, magada su nufi ina?

Ɗan Safiyo: Wajen hukumar dai za su koma ta ba su sabo.