Muhawara: A Gyara Fistol ɗin Aiki Don Harba Bilank, Ko a Ware Ta Horo Dabam?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. A zamanmu na ranar Asabar a Unguwar Rimi, Baba Sajan ya yi wata magana da ta raba kan jama'a har muka tashi ba mu ƙare ta ba. Cewa ya yi bai ga dalilin kashe kuɗi wajen sayo bindigogin horo na musamman ba, alhali ana iya ɗaukar fistol ɗin da jami'i ke ɗaurawa a ƙugu kullum a yi mata ɗan gyara ta riƙa harba bilank, wato harsashin da ke da albarushi amma babu dalma a bakinsa, domin a ganinsa abin da ba shi da dalma ba ya kisa. Ga fili nan, kowa ya kawo hujjarsa cikin mutunci.

Baba Sajan, Kawo: Ina nan a kan bakana. Mun sha yin atisaye a dajin Jaji da bilank, an ɗaura mana ɗan ƙarfen nan mai launi a bakin bindiga, kuma ban taɓa ganin an ɗauki gawa ba. Hannun jami'i ya kamata ya saba da bindigarsa ta ainihi, ya san nauyinta da taurin kunamarta da yadda take fita daga kube, domin ranar da ta ɓaci ita zai zaro, ba wata ta aro ba. Ga kuma halin da dala take ciki.

Injiniya, Kakuri: Ranka ya daɗe Baba, abin da ka gani a Jaji gaskiya ne, amma doguwar bindiga ka riƙe, kuma aikinta dabam yake da na fistol. Irin su AK-47 da iskar albarushi suke aiki: wani ɓangare na iskar da ke bin bayan dalma shi ke tura ƙarfen ciki baya, ya fitar da kwanso, ya ɗauko sabon harsashi. Idan babu dalma iskar sai ta fice ta baki a banza, shi ya sa ake ɗaura wancan ƙarfe ya tare ta, in an gama a kwance shi bindiga ta koma yadda take.

Mafi yawan fistol na aiki, kamar Browning Hi-Power da Glock 17, ba haka suke ba. A lokacin harbi bututun da marfin sama mai zamewa a kulle suke da juna, suna ja da baya tare na ɗan taƙi kafin bututun ya sauka ya saki marfin, kuma abin da ke ba su wannan ƙarfi shi ne turin da nauyin dalma ke haifarwa yayin fita. Ka cire dalma, ka cire turin. Za ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya, sai ka ja marfin da hannu. Kafin ta riƙa juyawa da kanta dole a matse cikin bututun, a kuma taɓa wancan kullin da masana'anta ta yi don ya riƙe ƙarfin harsashi na gaske. Bindigar da aka yi wa haka ta tashi daga bindigar aiki, kuma duk ranar da harsashi mai dalma ya shiga cikinta, a hannun mai ita za ta iya tarwatsewa. To ina "ɗan gyara" a nan?

Hajiya Sufeto, Tudun Wada: Ni rabin maganar na biyu ne ya fi tsaya mini a rai, wato cewa bilank ba ya kisa. Baba, kai da kake zuwa hawan sallah a Zariya ka san 'yan bindiga ba sa ɗura dalma, amma babu mai hankalin da zai tsaya a bakin bindigarsu. A shekarar 1984 wani ɗan wasan Amurka mai suna Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga mai bilank a gefen kansa da wasa ya danna kunama, ƙarfin iskar kaɗai ya fasa ƙashin kan ya tura ɓallinsa cikin ƙwaƙwalwa, bayan kwana shida ya rasu. A 1993 kuma Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu a wurin ɗaukar fim saboda wata dalma ta maƙale a cikin bututu ba a duba ba, da aka harba bilank sai ya turo ta kamar harsashi cikakke.

Baba Sajan, Kawo: Hajiya, 'yan wasan kwaikwayo kika kawo mini. Ni maganar jami'in da ya sha horo nake yi.

Kyaftin, Mando: To Baba, ga na masu horo. A watan Yuni na 2008, a barikin sojojin lema da ke garin Karkason a Faransa, an gayyaci jama'a kallon atisayen ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. Wani soja, sajan ne ma kamarka, ya buɗe wuta da harsashi na gaske a zaton bilank ne, mutum 17 suka jikkata, cikinsu har da yara, kuma babban hafsan sojojin ƙasa na Faransa, Janar Bruno Cuche, ya ajiye aiki a kan lamarin. A 2016 kuma a jihar Fulorida ta Amurka, wani ɗan sanda ya harbe wata dattijuwa mai shekara 73 da ta zo taron wayar da kai, a gaban mijinta, da bindigar da aka ɗauka bilank ne a ciki. Horo ba ya hana mutum mantuwa, musamman a ƙarshen yini idan gajiya ta kama shi.

Malam Ƙarami, Barnawa: Da izinin manya, ni ina ganin misalan Kyaftin sun fi taimakon Baba fiye da yadda ake zato. A duka biyun bindigar tana karɓar harsashi na gaske, shi ya sa kuskuren ya yiwu. Idan gyaran zai sa ta ƙi karɓarsa gaba ɗaya, ashe gyaran shi ne maganin.

Injiniya, Kakuri: Ƙanena, ka taɓo inda ya dace, sai dai wane gyaran? Akwai wanda masana'anta ta ƙera, irin na Simunition daga Kanada, inda ake cire bututun aiki ɗungurungum a saka wani da aka yi shi yadda harsashi na gaske ba zai zauna a ciki ba, kuma harsashinsa fenti yake bari a jikin wanda aka samu. Glock ma tana da samfurin 17T mai launin shuɗi, wanda ko daga nesa malami ya hango shi ya san na horo ne. Wannan ba ni da ja a kansa. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa bututun aiki ga maƙeri ya matse shi, ya dawo da kamanninsa na da, a jefa shi cikin akwati ɗaya da 'yan'uwansa a ma'ajiyar makamai, inda babu mai iya bambanta su da ido cikin dare.

Lauya, Malali: A taƙaice, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ƙira da gyaran bindiga ma sai da izini. Don haka maganar nan ta hukumomin tsaro ce da ma'ajiyarsu, kada wani mai kamfanin gadi ko mai shirya fim ya karanta ya nufi wurin maƙeri.

Hajiya Sufeto, Tudun Wada: Akwai kuma tambayar me bilank ke koyarwa. Ba ya nuna inda harbi ya sauka, turinsa a hannu bai kai na gaske ba, kuma na sha ganin ɗalibin da ke runtse ido yana fizgar kunama, amma saboda ƙara ta tashi sai ya ɗauka ya iya. Zaro bindiga daga kube da danna kunama a hankali ana koyonsu da bindiga wayam wadda mutum biyu suka duba, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Baba Sajan, Kawo: Na janye kalmar "ba ya kisa", domin Hajiya ta tuna mini da wani ɗan bindiga da na gani da ƙonannen hannu a ƙofar fada. Amma ba zan saki batun ƙara ba. Yaron da bai taɓa jin harbi ya tashi kusa da shi cikin ɗaki ba, ranar farko daskarewa zai yi, kuma bindiga wayam ba za ta cire masa wannan ba. Injiniya, idan an ware tsofaffin fistol da suka gaji, aka mayar da su na bilank har abada, aka shafa musu jan fenti, aka ba su akwati da mukulli nasu dabam, ka yarda?

Injiniya, Kakuri: Na yarda, Baba, muddin mai kula da ma'ajiyar makamai ne ya yi aikin ya rubuta lambar kowace a littafi, a caje aljihu da jigidar kowa a ƙofar fili kafin a shiga, a toshe kunne, kuma kada a saita ta a kan mutum daga kusa.