Shawarwari kan gano maikoplasma da gwajin PCR

Da ma'aikatan ɗakunan gwaji suka tattauna a Kaduna, damuwarsu ɗaya ce: maikoplasma, wata ƙaramar bakteriya mai gurɓata ƙwayoyin halittar da ake reno a ɗakin gwaji, ba ta dagula ruwan renon, balle ido ya gani. Ba ta da bangon jiki, shi ya sa fenisilin ba ya yi mata komai, kuma tana ratsa matata mai ƙananan ramuka na maikiron 0.2.

Suka ce a reni ƙwayoyin halittar kwanaki ba tare da maganin kashe bakteriya ba, a ɗebi ruwan renon da ke samansu, a dafa a digiri 95, sannan a nemi 16S rRNA, wata alamar gado ta bakteriya, da PCR, gwajin da ke ninka DNA har a iya gano ta. Sakamako yini guda, alhali gano ta ta hanyar renon ita maikoplasmar kan kai kwana 28.

Abin da na fi riƙewa: kullum a haɗa da samfuri mai maikoplasma da marar ita. Wuta ta ɗauke ana tsakar aiki? A sake.