Faifan farko na Lady Antebellum, ƙungiyar mawaƙan Amurka: salon kiɗan country ne ko a'a?

Kawu Issa, Bagalam: Yara, faifan nan da kuka cika mana fada da shi tun la'asar, ku daina ce mishi country. Country mutum guda ne da jitarsa, murya ƙasa-ƙasa, yana ba ka labarin gida da kewa. Don Williams ke nan, wanda direbobin hanyar Katsina ke sa kaset ɗinsa tun daga Ɗan Isa har Jibiya. Waɗannan su uku ne suna haɗa baki, ganguna sun danne komi.

Rabi: Kawu, da girmanka, a Nashville, cibiyar country a Amurka, aka yi shi fa, kamfanin Capitol ya fitar da shi a 2008. "Love Don't Live Here" ce ta buɗe musu hanya, sannan "I Run to You" ta hau ta ɗaya a jerin waƙoƙin country na mujallar Billboard a 2009, ta kuma ciyo kyautar Grammy a 2010 a rukunin ƙungiyoyin country. Masu abu sun ce nasu ne, mu daga Maradi za mu hana?

Kawu Issa: 'Yata, kyauta ta 'yan kasuwa ce. Abin da ya sayu shi suke yaba wa.

Salisu mai waya: Ni ina bayan Kawu. Ku sa "Lookin' for a Good Time" da kyau, kiɗan gidan rawa ne kawai. Ina banjo, molon nan na masu country? Ita ce ma ta haɗa mu da su, tunda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙera ta. Ku dubi gurmin marigayi Mamman Barka, ƙwarya da fata da tsirkiya, dangi ne.

Rabi: Yaya Salisu, kai ma ka sani ba banjo ke riƙe waƙoƙin Don Williams ba. Kuma Kawu, kafin ya fita shi kaɗai, a shekarun 1960 cikin Pozo-Seco Singers yake, can Texas. Maza biyu, mace ɗaya. Daidai da Charles Kelley da Dave Haywood da Hillary Scott na Lady Antebellum.

Kawu Issa: Ai shi ya sa ya bar su.

Hadiza: Haba Kawu! To wa na ji ɗazu yana bin amshin "I Run to You" yana fifita gawayin shayi?

Kawu Issa: Daɗi dabam, suna dabam. Ban ce babu daɗi ba. Salisu, tura mani ita ta bulutut, amma kada ka rubuta country a kai.